Sabon zuwa Landan, kada ka kulle kanka a ɗaki

Na sha ganin ɗan uwa ya shekara biyu a Landan bai san ko'ina ba sai ɗakinsa da wurin aiki da kasuwar Peckham inda yake sayo garin tuwo da kuka. In ka tambaye shi sai ya ce yawon buɗe ido na masu kuɗi ne. Abin yana damuna, domin mafi kyawun abin kallo a garin nan kyauta ne. Tun 2001 manyan gidajen tarihi na gwamnati suka daina karɓar kuɗin shiga, sai dai nuni na musamman.

Fara da British Museum, wanda aka kafa a 1753. Kada ka ce za ka gama shi rana ɗaya, ƙafarka ce za ta gaya maka. Sauka ƙasa ka nemi ɗaki na 25, sashen Afirka. A nan za ka ga kayan tagulla na masarautar Benin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897, waɗanda har yau Najeriya ke neman a mayar mata. Ranar da na fara tsayawa gabansu na daɗe ban motsa ba, sha'awa da takaici suka haɗe mini. Daga nan hau sama zuwa sashen duniyar Musulunci da aka buɗe a 2018, inda aka jera kaya tun daga Afirka ta Yamma har kudu maso gabashin Asiya. Tafiyar ƙafa ta minti ashirin za ta kai ka British Library, kusa da tashar King's Cross, inda suke ajiye da Alƙur'anin Sultan Baybars da aka rubuta da ruwan zinare a Alƙahira fiye da shekara 700 da suka wuce.

Mai yara ya nufi South Kensington. Gidajen tarihi uku ne a titi ɗaya: na halittu, na kimiyya, da V&A, wato Victoria and Albert, na zane-zane da kayan ƙira. A lokacin hutun makaranta layi yakan yi tsawo, don haka a yi sammako.

In garin kake son gani da arha, hau benen bas mai lamba 24, ka zauna a gaba. Za ta bi da kai ta majalisar dokoki da dandalin Trafalgar har Camden. Ka sani bas ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin Oyster (katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa a Landan) ko katin banki. Wata rana kuma ka leƙa Aldwych ka ga Bush House, ginin da iyayenmu suka shekara da shekaru suna jin muryar BBC Hausa daga cikinsa.

Batun kiɗa gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu: yawancin wuraren ana sayar da giya, wasu kuma ba a shiga sai da katin shaidar cewa ka kai shekara 18. Wanda hakan bai kwanta masa ba ya fara da Royal Festival Hall a bakin kogin Thames, wuri ne na iyali, kuma sukan yi wasa kyauta a harabar. Barbican da Jazz Cafe na Camden suna yawan kawo mawaƙan Afirka, masu jitar Agadas irin su Bombino ma sun sha zuwa garin. Tikiti yana ƙarewa da wuri, ka saya tun da sauran makonni, kuma daga shafin wurin da kansa, ba daga hannun 'yan bakin ƙofa ba.

Kafin ka fita duba lokacin salla. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba su zo kusa da juna. Babban masallacin Regent's Park da na Whitechapel duk suna kusa da tashar jirgin ƙasa, ka tsara yawonka ya bi ta ɗayansu, ka riƙe lema a jaka.