Yadda na raba ɗiyata da cankar kalma daga hoto

Yarinyata 'yar shekara 5 da nake koya wa karatu a gida ta haddace katunan dabbobin gona kaf. Da ta ga hoto sai ta ce "doki" ko "kaza" ba tare da ta kalli rubutun ba. Na rufe hoton da tafin hannu, sai ta yi tsuru-tsuru. Ashe canka take yi.

Sai na yanke hotunan daban, sunayen kuma na yanka su gaɓa-gaɓa: do-ki, ja-ki, ka-za, za-bo, ra-go. Da gangan na zaɓi masu tarayya a gaɓa. Idan ta haɗa "do" da "ki", sai in zare "do" in sa "ja" a gurbinsa. Nan dole ta kalli farkon kalmar, tunda ƙarshen iri ɗaya ne. Hoton kuwa yana kife, ba ta buɗe shi sai ta karanta, sannan ta duba da kanta ko ta dace. Wannan buɗewar ta fi so, har rige-rige take yi da ni.

Mun daɗe a kan wasula biyar, a, e, i, o, u, domin babu gaɓar da ba ta da wasali. Agwagwa da raƙumi na ajiye su tukuna. "Gw" da ƙ mai lanƙwasa sun yi mata yawa. Har yanzu b da d kan rikita ta, shi ya sa take bin su da yatsa tana furtawa kafin mu taɓa katunan. Da ta fara hamma mu tashi.