Yadda ake gano gudun da ya fi tattalin mai a jirgin ruwa mai tafiya da iska

Idan iska ta ɗauke, mai jirgi ba shi da zaɓi sai ya tayar da inji, kuma a nan ne ya kamata ya san ko lita nawa jirginsa ke sha a kowane mil, domin da wannan lissafi ne ake sanin ko man da ke tanki zai kai shi gaɓa. Sanin abin da inji ke sha a awa kaɗai bai wadatar ba.

Da farko, a san iyakar jirgin. Jirgin da ke ture ruwa da gangar jikinsa yana da gudun da ba ya wuce shi sai da ƙyar, kuma ana ƙiyasta shi daga tsawon sashen da ke taɓa ruwa. A auna tsawon da ƙafa, a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi, sannan a ninka ta da 1.34. Tsawon ƙafa 25 zai ba da kusan mil 6.7 a awa, ƙafa 36 kuma kusan mil 8, a ma'aunin mil na teku wanda ya kai mita 1,852. Yayin da jirgi ya doshi wannan iyaka, taguwar da shi kansa ke tayarwa tana girma har ya zama kamar mai hawa tudu, bayansa ya nutse, mai ya riƙa ƙonewa ba tare da wani ƙarin gudu na kirki ba. Shi ya sa ƙarin gudun mil ɗaya a awa na ƙarshe kafin iyakar ya fi kowanne tsada, kuma a ganina bai cancanci kuɗinsa ba sai a halin gaggawa.

Sai gwaji. A zaɓi ranar da ruwa ya kwanta, a tsayar da inji a kan juyi ɗaya, a ce 2,000 a minti, a yi tafiya zuwa da dawowa domin a soke tasirin jan ruwa, wato gudun da ruwan kansa ke yi yana jan jirgi, a rubuta gudun da GPS, na'urar da ke nuna wuri da gudu ta tauraron ɗan adam, ya nuna. A cika tanki kafin tafiya da bayanta, a raba litocin da aka ƙara da mil ɗin da aka ci. A maimaita a juyi 2,400 da 2,800. Injin dizal yakan sha kimanin lita ɗaya a awa a kan kowane ƙarfin doki biyar (ma'aunin ƙarfin inji) da yake fitarwa, kuma wannan zai taimaka wajen tantance sakamakon.

Galibi gudun da ya dace yana tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na iyakar juyin injin. Kada son tattali ya sa a riƙa jan sa a hankali kullum, domin dizal da ba ya ɗaukar zafi yakan tara baƙin toka a ciki. Lokaci-lokaci a buɗe masa totur na ɗan mintoci. Haka kuma idan ana fuskantar jan ruwa mai ƙarfi, rage gudu yana ƙara awannin tafiya, har man da ake son adanawa ya ƙare a banza.

Gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa ƙasan jirgi da farfela suna rushe duk wannan lissafi, don haka a kankare su kafin gwaji. Wajen shirin tafiya kuwa, a kasa mai kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya, kuma a riƙe filtar mai ta canji, saboda ruwa mai hargitsi yana tayar da dattin ƙasan tanki ya toshe wadda ke jiki.