Rauta biyu a gida ɗaya: yadda na sa rukunonin suka ga juna

Ranar da na ƙara rauta ta biyu, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, a ɗakin sama, intanet na tafiya lafiya lau, amma firintar da na kai can ta ɓace wa kwamfutar falo ɓat. Kwana biyu ina zargin kebul, ashe babu ruwansa.

Fara da duba adireshi, wato lambar da kowace na'ura ke da ita a kan hanyar sadarwa. A tagar rubuta umarni, a Windows rubuta ipconfig, a Linux kuma ip addr. Kwamfutata tana 192.168.1.20, firinta tana 192.168.2.50. Lamba ta uku ta bambanta, wato rukuni biyu ke nan, kowace rauta da na'urorinta, kuma saƙo ba ya tsallakawa sai rauta ta san inda za ta miƙa shi.

Daga nan sai ping, umarnin da ke gwada ko wata na'ura tana amsawa, amma ka gwada ta ɓangarorin biyu. Ni daga sama ina samun falo, daga falo kuwa shiru kake ji. Da na buga tracert 192.168.2.50, umarnin da ke nuna hanyar da saƙo ke bi, sai na ga saƙon ya isa 192.168.1.1, wato rauta ta farko, ya nufi waje. Rauta ta farko ba ta san akwai wani rukuni a gidan ba, don haka duk adireshin da ba ta gane ba sai ta tura wa kamfanin intanet.

Maganin shi ne ka rubuta wa rauta ta farko hanya da hannunka. A shafin saitinta nemi Static Route, ka sa 192.168.2.0, wato rukuni na biyu, a gurbin mask 255.255.255.0, a gurbin gateway, wato ƙofar da saƙo zai bi, kuma adireshin WAN na rauta ta biyu, wato na ƙofarta da ke haɗe da rauta ta farko, nawa 192.168.1.2. Ka tsayar da wannan adireshin ya zama na dindindin, in ba haka ba DHCP, tsarin da ke raba adireshi da kansa, zai iya sauya shi wata rana ka koma gidan jiya. Sannan ka kashe NAT a rauta ta biyu, wato tsarin da ke ɓoye na'urorinta a bayan adireshi ɗaya, ka buɗe katangar tsaronta ga rukunin farko, domin ita kallon intanet take yi wa duk abin da ya shigo ta WAN.

Ko da na gama wannan, firinta ba ta amsa ba. Nan ne na fi shan wahala. Na ba ta adireshi da hannu, na bar gurbin gateway babu komai. Saƙo yana isa gare ta, amsar ce ba ta san hanyar komawa ba. Ina sa 192.168.2.1, adireshin rauta ta biyu ta ɓangaren ɗakin sama, ta amsa nan take. Windows ma kan yi irin wannan shirun, domin katangarsa ba ta amsa ping daga wani rukuni sai ka ba ta izini.

Kada ka jira firinta ta bayyana da kanta a wayar salula. Sanarwar mDNS, wadda firinta ke sanar da kanta da ita, ba ta fita daga rukuninta, sai ka shigar da adireshin da hannu. In kuma dama ba raba na'urori kake so ba, ƙarin Wi-Fi kawai kake nema, mayar da rauta ta biyu yanayin AP, inda Wi-Fi kawai za ta riƙa bayarwa, kowa ya koma 192.168.1.x.