Ƙaramar kyamara ko DSLR: kurakuran da ke ɓata wa masu hoto aiki a zangunan Accra

Duk wanda ya shiga Tiptoe Lane a Circle neman kyamara, abin da mai shago zai fara nuna masa shi ne lambar megafiksel da ke jikin kwali. Zai ce wannan 'yar ƙaramar tana da 20, waccan babbar mai nauyi 18 ce kacal, to me za ka yi da ƙatuwar? A nan kuskuren farko yake, kuma shi ne uban sauran.

Megafiksel ƙidayar ɗigo ce kawai. Abin da ke yanke hukunci a kan kyawun hoto shi ne girman sensa, wato farantin da ke bayan gilashi yana karɓar haske. Yawancin ƙananan kyamarori na aljihu suna ɗauke da sensar da ake rubuta wa 1/2.3, wadda tsawonta bai wuce milimita 6.2 ba, faɗinta kuma 4.6. Bai kai farcen ɗan yatsa ba. DSLR, wato babbar kyamarar da ake cire wa gilashi a canza wani, ko ta masu farawa irin Nikon D3500, tana da sensa mai milimita 23.5 da 15.6. Idan aka lissafa fili, ta ninka ƙaramar wajen sau 13. Manyan da ake kira ful-firem, masu milimita 36 da 24, sun ninka ta fiye da sau 30. Ka ajiye kofin shayi da bahon wanki a tsakar gida lokacin da ake yayyafi, ka ga wanne zai tara ruwan kirki. Haka haske yake wa sensa. Idan aka cusa ɗigo miliyan 20 a kan ɗan farantin nan, kowane ɗigo ya zama ƙanƙane ƙwarai, hasken da yake samu kaɗan ne, sai kyamara ta dinga ƙara masa ƙarfi da lantarki. Ƙarin nan shi ke haifar da yashi-yashin da ake gani a fuska da bango.

Kuma aikin da yawancinmu ke yi bai ma buƙatar ɗigo masu yawa haka. Hoton da za a wanke a kati mai inci 4 da 6 megafiksel 2 da 'yan kai ya ishe shi. Na inci 8 da 12, wanda ake sa wa firem a rataya a falo, bai kai 9 ba. Saboda haka idan za ka saya, tambayi girman sensa kafin komai. In mai shago bai sani ba, ɗauki lambar kyamarar ka duba a intanet a wayarka nan take.

Kuskure na biyu yana bin na farko a gindi: gwada kyamara a bakin shago da tsakar rana. A hasken rana kowace kyamara gwana ce. Ƙaramar za ta tsaya a ISO 100 (ISO shi ne lambar da ke nuna yawan ƙarin ƙarfin nan na lantarki), hoto ya fito tas a ɗan allonta, ka biya kuɗi ka tafi. Sai ranar suna a Nima, a cikin ɗakin mai jego mai taga ɗaya da ƙwan fitila guda, a nan za ta nuna halinta. Ƙaramar sensa takan fara lalacewa daga ISO 400 zuwa 800. Domin ta ɓoye yashin, sai ta shafe hoton, fatar mutum ta koma kamar roba, zanen leshi da aikin zare na wuyan riga su narke su zama tabo. DSLR kuwa tana iya kai 1600, har 3200, hoto bai fita daga hayyacinsa ba. Gwajin gaskiya shi ne ka shiga can ƙuryar shagon inda haske bai kai ba, ka kashe filasha, ka ɗauki fuskar mutum a ISO 800 da 1600, sannan ka buɗe hoton ka zuƙo shi har ka ga gashin gira. In da hali, ka je da katin memorinka ka duba a kwamfuta, domin ɗan allon bayan kyamara yana rufa wa hoto asiri.

Sai maganar zum. Ana ruɗar mutane da 40x da 60x. Nikon P900 tana da 83x, P1000 tana da 125x, kuma duka biyun ƙaramar sensar nan ta 1/2.3 ce a cikinsu, duk da girman jikinsu da kamar DSLR da suke yi. Girman jiki ba ya nuna girman sensa. Irin waɗannan suna da amfaninsu: daga can bayan sahu a filin Independence ranar Sallah za ka iya jawo fuskar liman. Amma da rana ke nan. Da magariba ta kawo kai, zum ɗin ya zama wahala, saboda duk tsawon da gilashi ya yi, ƙofar haskensa na ƙara tsukewa, rawar hannu kuma na ƙara bayyana. Zum na dijital kuwa a shiga saiti a kashe shi gaba ɗaya. Yanke tsakiyar hoto kawai yake yi ya kumbura shi, ba ya ƙara komai.

Yanzu ga inda ya kamata a daɗe, domin a nan masu DSLR suka fi faɗawa. Saurayi ya tara kuɗi ya sayi Canon 2000D na hannu da gilashin da take zuwa da shi, 18-55, ya bar ta a kan Auto, ya tafi biki a Mamobi. Hotuna suka fito ba su fi na waya ba, wasu ma sun fi muni. Sai ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Gilashin 18-55 idan aka zuƙo shi zuwa 55, ƙofarsa ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f ma'aunin ƙofar haske ce, in ta yi girma ƙofar ta tsuke), wanda ƙunci ne sosai ga ɗaki ko rumfar biki da yamma. Kyamara sai ta rage saurin shota, wato marfin da ke buɗe wa haske ya rufe, zuwa 1/15 ko 1/20 na daƙiƙa don ta samu haske, kuma a wannan saurin ko numfashi ka yi hoto ya yi dishi-dishi.

Gyaran yana da mataki biyu. Na farko ba ya cin ko sisi: ka fita daga Auto. Juya zuwa S a Nikon ko Tv a Canon, ka ɗaure shota a 1/125 ga mutanen da ke tsaye ko zaune. Ga masu rawa, yara masu guje-guje ko dawaki, 1/500. Ka bar ISO ya hau da kansa, ka sa masa iyaka a 3200. Hoto mai ɗan yashi amma tsayayye ana karɓarsa. Wanda ya girgiza babu manhajar da za ta dawo da shi daidai. Na biyu shi ne sayen gilashin 50mm f/1.8, ko 35mm f/1.8 in kana yawan aiki a ƙananan ɗakuna. Na 50mm ɗin yana cikin gilasai mafi araha a Canon da Nikon duka, kuma a f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na abin da f/5.6 ke shigarwa. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya, tsakanin sabon jikin kyamara da wannan gilashin, ya ɗauki gilashin. Masu Nikon D3000 da D5000 da 'yan gidansu su lura: su sayi mai rubutun AF-S, domin tsohon 50mm mai harafin D ba ya kama saiti da kansa a kan waɗannan jikunan, sai dai a murɗa da hannu.

Amma da an sayi f/1.8 sai wani sabon kuskure ya kunno kai. Mutum ya ga yadda bayan amarya ya narke ya yi laushi, abin ya burge shi, sai ya bar ƙofar a 1.8 yini guda. Aka jera dangi sahu uku, na gaba suka fito, Hajiya da ke sahun baya ta zama inuwa. Babbar sensa zurfin saitinta gajere ne. A kusa, f/1.8 na iya kama ido ya bar kunne. Ga mutum ɗaya, f/2 zuwa f/2.8, kuma a ɗora ɗigon saiti a kan idon da ya fi kusa da kai, kada a bar kyamara ta zaɓa, domin abin da ya fi kusa take kamawa, ko da hannun wani mai liƙi ne. Ga jama'a sahu biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8, a saita a kan sahun gaba ko na biyu. A nan ƙaramar kyamara ta fi sauƙin sha'ani: f/2.8 ɗinta yana ba da zurfi kamar f/10 a DSLR ta masu farawa, kowa yana fitowa. Shi ya sa kuma ba za ta taɓa narkar maka da baya kamar babbar ba, duk dabarar da ka yi, sai dai ka zuƙo gilashi ka matsar da mutum nesa da bango ka samu ɗan kaɗan. Kada kuma a tsuke ƙofar ƙaramar zuwa f/8 da sunan ƙarin kaifi. A irin wannan sensar tsukewa da yawa laushi take kawowa.

Fararen kaya matsala ce tamu ta musamman. Ranar Juma'a a babban masallacin Kanda, ko ranar Idi, kowa ya sha farar shadda da jallabiya, rana kuma ta take. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka duk abin da ke gabansa matsakaici ne, ba fari ba baƙi. Da ya ga fari ya cika fili sai ya rage haske, riga ta koma ruwan toka, fuskar baƙin mutum ta dushe har ba a ganin ido. Maganin shi ne maɓallin +/-: a ƙara +0.7 ko +1. Sai dai ƙaramar sensa ba ta iya riƙe fari mai ƙyalli da inuwa mai duhu a hoto guda, da ka gyara fuska sai aikin zaren rigar ya ƙone ya zama fari fat. Da ita, dole ka kai mutum inuwar bango ko bishiya, ko ka kunna filasha da rana tsaka don ta cike fuska. Da DSLR ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, maimakon JPEG da aka saba. JPEG matakin haske 256 yake ajiyewa a kowane launi, RAW mai bit 12 yana ajiye 4,096, mai 14 kuma 16,384. Wannan rarar ita ke ba ka damar ɗaga fuska a kwamfuta ba tare da rigar ta tafi ba. Kunna kuma gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya dinga ƙyaftawa a allo.

Rumfunan biki masu launi ma suna rina fata: jar rumfa ta mai da kowa ja, shuɗiya ta sa mutane kamar marasa lafiya. Ɗauki hoton farar takarda a ƙarƙashin rumfar ka saita ma'aunin fari, wato White Balance, da ita, ko ka fito da amarya bakin rumfa. A zaure mai fitilun tsinke ko wasu LED masu araha, in ka ga launi na canzawa daga hoto zuwa hoto, wutarmu ta Ghana mai bugu 50 a daƙiƙa ce ke jawo shi. Koma 1/100 ko 1/50.

Filashar da ke jikin kyamara, ƙarama ko babba, mita uku zuwa huɗu take kaiwa. Harba ta daga bayan taron maulidi ba ya haska malamin da ke kan dandamali, ƙeyar na gabanka kawai zai yi fari. Mai DSLR ya sayi filasha ta ɗorawa, ya karkata kanta zuwa farin silin, haske ya sauko a hankali babu baƙar inuwa a bango. In silin ɗin kwano ne tsirara ko katako mai duhu, wannan ba zai yi ba, sai a sa mata farin kati.

Akwai lahani guda da DSLR ke da shi wanda ƙaramar ta kusan tsira daga gare shi, tunda gilashinta ba ya cirewa. A watannin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, duk canjin gilashi a waje yana shigar da ƙura kan sensa. Alamarta baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto, musamman a sararin sama. Don ka tabbatar, ɗauki farin bango a f/16 ka duba. Idan za ka canza gilashi, kashe kyamara, juya bakinta ƙasa, ka yi shi a cikin ɗaki ko mota. Ana kore ƙurar da ɗan famfon roba mai hura iska. Kada a hura da baki, kada a sa auduga ko gefen riga. Da damina kuma danshin bakin teku na Accra yana sa hunhuna ta tsiro a cikin gilashi, kamar saƙar gizo, hoto ya dinga fitowa da hazo. Jakar kyamara da aka rufe aka cusa a ƙarƙashin gado ita ce gidan hunhuna. A ajiye kayan a robar da ke rufuwa ruf, da 'yan ƙullin silika masu shanye danshi, a dinga shanya su ko canza su. Mai sayen gilashi na hannu ya haska fitilar waya ta cikinsa kafin ya biya, in kuma jikin kyamara ne ya nemi ƙidayar shotarsa, wato yawan hotunan da ya taɓa ɗauka. Ƙananan DSLR galibi an ƙera su ne don wajen bugu 100,000.

Bayan duk wannan wahalar, da yawa suna zubar da ribar a matakin ƙarshe. A tura wa mai biki hotuna ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse su ta rage girmansu, shi kuma ya kai wannan matsattsen wurin wanki a buga masa babban firem. A lokacin babu mai iya bambance aikin DSLR da na 'yar aljihu. Tura su a matsayin takarda, wato ta hanyar Document, ko ka zuba a filas na kwamfuta ka miƙa hannu da hannu.

Wanda nauyin DSLR ya dame shi, kuma aikinsa bai wuce tafiye-tafiye da hotunan iyali ba, akwai tsaka-tsaki: ƙananan kyamarori masu sensar inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, irin jerin Sony RX100 da ya fara fitowa a 2012. Filin sensarsu ya ninka na 'yar aljihu ta gama-gari wajen sau huɗu, suna ɗaukar RAW, kuma suna shiga aljihun jallabiya. Wanda kuwa zai karɓi kuɗin mutane ya ɗauki aure da suna a ɗakunan zango da rumfunan dare, DSLR ta hannu mai lafiya, gilashin f/1.8, filasha ta ɗorawa da batir na biyu su ne kayan farawa.