Yadda ake wasan Aggravation da ƙwallayen gilashi

Mutane sun yi ta tambayata yadda ake wannan wasa mai kama da lido. Ga shi bi da bi:

1. Kowa ya zaɓi kala ɗaya, ya jera ƙwallayensa huɗu a ramukan gidansa. Mutum biyu zuwa shida ke yi.
2. Kowa ya jefa ɗan lido. Mai lamba mafi girma ya fara.
3. Sai ka samu 1 ko 6 kafin ƙwallonka ya fito. Mai 6 ya sake jifa.
4. Ka ƙirga ramuka ta hannun agogo daidai lambar da ta fito.
5. Kada ka tsallake naka ƙwallon. Nan ne yara suka fi yin kuskure.
6. In ka sauka kan na wani, ka mayar masa da shi gida. A nan ake ɓata rai, har da manya!
7. Ramin tsakiya yanke ne, amma hattara: ba ka fita sai da 1. Ni dai ban cika shigarsa ba.
8. Shiga ramukan ƙarshe sai da lamba daidai, ba ƙari.
9. Wanda ya fara shigar da huɗunsa shi ya ci.