Idan tarin fuka ya ƙi jin magani: abin da na koya a jinyar ƙanena

Wata uku ƙanena ya yi yana shan maganin tarin fuka, ko rana ɗaya bai tsallake ba, amma sai ƙara ramewa yake yi. Tari bai lafa ba, zufar dare ma haka. Mu kuwa muna ta ba shi haƙuri, wai magani a hankali yake ratsa jiki. Ashe ƙwayar cutar da ke ƙirjinsa ba ta jin rifampicin, wanda shi ne ginshiƙin maganin da ake ba shi. Har yau wata ukun nan suna ci mini rai, domin da mun san gwajin da za mu nema, da tun farko an gane.

Sunan gwajin GeneXpert. Ka rubuta shi, ka tafi da shi asibiti. Duba kaki a madubin likita yana nuna cutar ce kawai, ba ya faɗin ko magani zai kama ta. Shi kuwa wannan, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2010, cikin kamar awa biyu yake nuna cutar, ya kuma nuna ko rifampicin zai kama ta. Duk wanda ya yi sati biyu yana tari ya neme shi, ballantana wanda ya taɓa shan maganin tarin fuka, ko ya yanke shi a tsakiya, ko ya zauna da mai irin wannan ciwo. In an ce babu na'urar a wurin, ka roƙi a aika da kakin inda take. Ba sai an yi ta yawo da majinyaci ba.

Kakin ma da yadda ake bayar da shi. A kurkure baki da ruwa, a fita fili, a ja dogon numfashi sau biyu ko uku, sannan a yi tari daga can cikin ƙirji. Yawu zalla ba ya wadatarwa, mu sai da aka sa muka sake.

Idan sakamako ya nuna cutar ta bijire, ka karɓi kwafinsa a hannunka, ka kuma tambaya ko za a gwada ta da magunguna irin su levofloxacin da moxifloxacin, don da wannan ake zaɓen haɗin maganin da ya dace. A yi gwajin HIV da na suga a lokacin.

A da, jinyar takan kai wata 18 zuwa 20, da allurai masu kurmantar da mutum. A 2022 Hukumar ta ba da shawarar haɗin ƙwayoyi huɗu da ake kira BPaLM, wato bedaquiline, pretomanid, linezolid da moxifloxacin, wata 6 kacal, babu allura. Ka tambayi likita kai tsaye ko majinyacinka ya cancanta. Mai ciki da yaron da bai kai shekara 14 ba suna da nasu haɗin daban. Kada ka nufi kantin magani. Ta shirin yaƙi da tarin fuka na gwamnati ake samun su, kuma a ƙasashe da yawa kyauta ne.

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne linezolid. Yana iya rage jini, ya rage gani, ya sa tafin ƙafa zafi ko ya daina jin taɓawa. Ƙanena ya ɓoye mini nasa ciwon ƙafar kusan sati biyu, yana tsoron a ce za a tsawaita masa jinya. Da na ga yana ɗingishi na matsa masa, muka je, likita ya gyara masa adadin. Kada majinyaci ya rage ko ya daina da kansa. Bedaquiline kuma yana buƙatar a riƙa awon bugun zuciya, kuma da abinci ake shan sa.

A gida, a buɗe tagogi, majinyaci ya kwana shi kaɗai a farkon jinya, ya rufe baki in zai yi tari. Ta iska cutar take bi, don haka babu dalilin ware masa kwano ko ƙyamarsa. A kai duk mutanen gidan a duba su, yara a gaba.

Wajen wata na biyu ƙanena ya fara jin ƙarfi, ya ce ya warke. Na sayi ƙaramin littafi, kullum ya haɗiye a gabana in ja layi, duk wata kuma mu kai kaki a auna. Ranar da layukan suka cika likita ya sallame shi, ya rubuta mana ranar da za mu dawo a sake duba ƙirjin.