Yadda Ake Rage Cin RAM In Ana Kunna VM Da Yawa A Kwamfuta Ɗaya

Yawancin matasan da ke koyon tsaron intanet ko haɗa netwok a nan Abuja da laftof ta hannu suke aiki, irin wadda ake samu a kasuwar Banex da ke Wuse 2, mai RAM giga 8, in an yi sa'a 16. Mutum zai ɗora Kali, ya ƙara Windows Server, ya ƙara Windows 10 guda biyu don gwajin Active Directory, kowanne a matsayin VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke aiki a cikin kwamfuta ta gaske, ya tayar da su gaba ɗaya. Fanka ta hau kuka, linzami ya daskare, sai ka ji yana cewa laftof ɗin ce ba ta da ƙarfi. Sau da yawa ba laifinta ba ne, rabon RAM, wato ma'adanar aiki ta kwamfuta, ne ba a yi shi da lissafi ba.

Na ɗauka ka iya ƙirƙirar VM, kuma ka kunna VT-x ko AMD-V a BIOS. Ba zan tsaya nan ba.

Fara da ware wa uwar kwamfutar, wato ta gasken da ke ɗauke da VM ɗin, kasonta. In Windows ce a kanta, bar mata giga 4 kada ka taɓa. In Linux ce mara nauyi, giga 2 ya isa. Rufe Chrome kafin ka fara, shafuka goma a buɗe za su iya cinye abin da VM guda take buƙata. A Linux rubuta free -h, ka duba layin available, ba na free ba. Abin da ke ƙarƙashin buff/cache ajiya ce da tsarin zai saki da zarar an nema. Ni dai a wurina, duk mai son tara VM sama da uku ya sa Linux a uwar kwamfuta ya yi aiki da KVM da virt-manager, kayan tafiyar da VM a Linux, ko Proxmox in yana da tsohuwar desktof a ajiye. VirtualBox ya fi sauƙin farawa, amma ba zai kai ka nesa ba.

Sai rabon kowace VM. Masu koyo suna ba kowacce giga 4 don tsoron kada ta yi nauyi. Debian ba tare da desktof ba tana tashi lafiya da mega 512, Alpine ma 256 ya wadatar da ita. Metasploitable 2 mega 512 kawai take so. Windows 10 mai bit 64 tana tashi da giga 2, Windows 11 kuwa sai 4, don haka kada ka kawo ta ɗakin gwaji in ba dole. Windows Server a zaɓi Core, wato wanda ba shi da desktof. Duk sabar da ba ka buƙatar ganin fuskarta, kada ka ɗora mata desktof, shiga ta ssh.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa, wato KSM, dabarar Linux ta haɗe shafukan RAM masu kama da juna. Linux tana yanka RAM zuwa shafuka masu kilobait 4. In kana da Windows 10 guda uku a kunne, dubban shafukansu iri ɗaya ne sak, kamar ɗalibai uku da kowa ya sayi kwafin littafi ɗaya alhali a benci guda suke zaune. KSM yana bin shafukan, in ya ga masu kama ya bar kwafi ɗaya kowa ya karanta, sai wanda ya zo rubutu a kai ne ake ware masa nasa. Tun 2009 yake cikin kernel, wato zuciyar Linux, daga siga ta 2.6.32. Ana kunna shi haka:

echo 1 | sudo tee /sys/kernel/mm/ksm/run

Daga nan sai mutum ya duba free -h bayan minti ɗaya, bai ga canji ba, ya kashe, ya ce ba ya aiki. To ai bai ma gama zagayen farko ba. A saitinsa na asali shafi 100 yake dubawa duk bayan milisakan 20, kusan mega 20 ke nan a sakan. In VM ɗinka sun riƙe giga 10, zagaye ɗaya zai ci kusan minti tara, kuma sai ya sake dawowa ya tabbatar shafin bai canza ba kafin ya haɗe shi. Ba shi rabin awa, je ka yi salla ka dawo. Sannan duba /sys/kernel/mm/ksm/pages_sharing, ka ninka lambar da kilobait 4. In ka ga 262144, giga ɗaya cur ka samu. Mai gaggawa zai iya mayar da pages_to_scan, wato adadin shafukan da yake dubawa kowane karo, zuwa 1000, amma furosesa za ta biya kuɗin, kuma in babu wuta kana kan batir za ka gani a jikinsa.

Wasu abubuwa uku ke hana shi tasiri. Na farko, cakuɗa tsare-tsare: Kali ɗaya, Windows ɗaya, pfSense ɗaya ba su da abin haɗewa sosai. Gina VM guda, sabunta ta, sannan ka kwafi sauran daga jikinta don su zama siga ɗaya. Na biyu, saitin yana gogewa in an kashe kwamfuta, don haka ɗora ksmtuned ya riƙa kula da shi. A Proxmox yana nan tun asali, sai dai ba ya motsi sai cin RAM ya wuce kashi 80 cikin 100, kada ka ga sifili ka ɗauka ya lalace. Na uku, KSM shafukan da manhaja ta ba shi izini kawai yake taɓawa. QEMU, manhajar da ke tafiyar da VM a KVM da Proxmox, tana bayarwa, VirtualBox ba ta bayarwa. Ita nata Page Fusion ne, mai aiki da VM na Windows da aka ɗora wa Guest Additions.

Kuma ka sani RAM ɗin da KSM ya samo maka aro ne. Ranar da Windows ukun suka fara sabuntawa a tare, shafukan za su rarrabu, RAM ya cika, kernel ya kashe VM mafi girma ba sallama. In VM ta ɓace haka kawai, duba dmesg ka nemi Out of memory. Bar giga ɗaya a sarari ko da yaushe. In kuma VM ɗin na kwastomomi daban-daban ne, kashe KSM, don an nuna ana iya leƙen asirin wata VM ta hanyarsa.

Sauran ba su da wuya. Kunna balloon a saitin VM, ka sa RAM mafi ƙanƙanta da mafi yawa da VM za ta riƙe, uwar kwamfuta ta riƙa karɓar abin da ba a amfani da shi; Windows sai an ɗora mata direbobin virtio-win. Ɗora zram-tools, mai matse bayanai a cikin RAM, a Debian ko Ubuntu ka zaɓi zstd, Fedora ta zo da zram tun siga ta 33. Swap, wato aron wuri a hadis in RAM ya cika, a kan tsohon hadis mai juyawa kuwa azaba ce, sa SSD. Ƙananan sabobin Linux mayar da su LXC ko Docker, kernel ɗaya suke rabawa da uwar kwamfuta, shi ya sa ba sa cin RAM kamar VM. Wadda ba ka aiki da ita yanzu, adana halin da take ciki ka rufe ta.

Kafin ka hau mota zuwa Wuse 2 sayen ƙarin RAM, rubuta sudo dmidecode -t memory ka ga ko akwai ramin da babu komai, DDR3 ne ko DDR4, don wasu siraran laftof RAM ɗinsu a like yake da allo, ba ya ciruwa.